Lissafin da aka sassaƙa a jikin ƙarfe: injinan saita igwa a yaƙe-yaƙen duniya

Duk wanda ya taɓa harbin kurciya da danƙo ya san cewa idan tana cikin tashi ba jikinta ake saitawa ba, gabanta ake saitawa, domin kafin dutse ya isa ta riga ta bar wurin. Yaro yakan koyi wannan da ido da hannu ba tare da ya san lissafi yake yi ba. Matsalar da ta addabi rundunonin ruwa na manyan ƙasashe tun farkon ƙarni na 20 ita ce wannan ta yaro mai danƙo, sai dai ta girma har ta fi ƙarfin ido da hannu. Manyan igwogin jiragen yaƙin Amurka samfurin Iowa, masu faɗin baki inci 16, suna cilla harsashi mai nauyin kilo 1,225 zuwa nisan da ya haura kilomita 38, kuma harsashin yakan yi kusan minti ɗaya da rabi a sama kafin ya sauka. Jirgin abokan gaba da ke gudun kilomita 55 a awa zai ci kusan kilomita ɗaya da rabi a wannan ɗan lokacin. Shi kansa mai harbin tafiya yake yi, igiyar ruwa tana jijjiga shi gefe da gefe, gaba da baya. Ga iska, ga nauyin iskar da ke sauyawa da zafi da sanyi, ga zafin albarushi, ga cinyewar cikin bututun igwa bayan kowane harbi, ga karkacewar da harsashi ke yi saboda juyin da yake yi a sama, har da juyawar duniya kanta a ƙarƙashinsa. Kafin jami'i mai fensir da takarda ya haɗa waɗannan, amsarsa ta riga ta tsufa.

Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne su daina ƙirgawa su koma aunawa, kuma a kan wannan bambancin ne dukkan batun ya tsaya. Mai jan carbi ƙirgawa yake yi, ɗaya bayan ɗaya, babu rabin ƙwaya. Shi kuwa malamin da ya kafa sanda a rana yana duba tsawon inuwarta don ya san shigowar la'asar, aunawa yake yi: tsawon inuwar ne ke tsayawa a madadin lokaci, kuma tana miƙewa a hankali ba tare da tsalle ba. Kwamfutar da muke amfani da ita yau 'yar gidan carbi ce. Injinan saita igwa na wancan zamani 'yan gidan inuwa ne. A cikinsu babu lamba ko ɗaya da aka adana. Abin da ke akwai shi ne sandunan ƙarfe masu juyawa, kuma yawan juyin kowace sanda shi ne ƙimar abin da take wakilta. Wata sandar nisa ce, wata gudun jirgi, wata kusurwar da abokin gaba yake. Idan nisa ya ƙaru sandarsa ta juya gaba, idan ya ragu ta juya baya, duk giyoyin da ke haɗe da ita kuma su motsa a daidai wannan lokacin.

Tarawa da ɗebewa su ne mafi sauƙi, kuma duk makanikin da ya taɓa kwance bayan mota ya riƙe abin da ke yin su a hannunsa. Difarenshal ɗin mota yana raba juyi ɗaya ga tayoyi biyu ta yadda za su iya gudu daban-daban a kwana. A injin lissafi sai aka juya aikin: sanduna biyu suna shigo da juyi daga gefe biyu, giyoyin tsakiya kuma suna fitar da rabin jimillarsu, sannan wata giya ta ninka shi biyu. Idan ɗaya daga cikin sandunan baya take juyawa, ɗebewa ke nan. Ninkawa da lamba tsayayyiya ma ba ta da wuya, domin giya mai haƙora 60 da ke jan mai haƙora 20 ninkawa uku take yi. Ninka abubuwa biyu masu sauyawa ne ya buƙaci dabara, aka kuma samo ta a ilimin alwatika masu kama da juna, wato ƙa'idar nan da ke sa mutum ya gane tsawon bishiya daga inuwarta idan ya san tsawon sandarsa da inuwar sandar. Ana sa wani ƙarfe mai tsaga ya karkata gwargwadon lamba ta farko, wani ya zame gwargwadon ta biyu, inda suka gicciye kuma shi ne amsar. Akwai kuma wani sashen da ke karɓar gudun jirgi da alƙiblarsa ya raba su gida biyu, wato nawa ne daga cikin gudun ke kusanto mu ko nisanta daga gare mu, nawa ne kuma ke wucewa ta gefe.

Sashen da ya fi bayyana tunanin masu ƙera waɗannan injina shi ne kam, wanda makanikai suka sani a jikin kamshaf mai buɗe bawul. Kam ƙarfe ne wanda da gangan aka hana shi zama cikakkiyar da'ira: wani gefen ya kumbura, wani ya lotsa, wani ɗan yatsan ƙarfe kuma yana bin gefensa yana hawa da sauka. Alaƙar da ke tsakanin nisa da kusurwar da za a ɗaga bakin igwa ba miƙaƙƙiya ba ce, domin iska tana rage wa harsashi gudu ta hanyar da babu gajeren lissafin da zai kama ta. Saboda haka sai a yi harbin gwaji, a yi dogon lissafi, a fitar da jadawali mai ɗaruruwan layuka, sannan a ɗauki jadawalin nan a sassaƙa shi a gefen ƙarfe. Idan sandar nisa ta juya kam ɗin zuwa wani wuri, tsayin da ɗan yatsan ya hau shi ne kusurwar da ake nema. Don harbin jirgin sama, inda amsa ta dogara ga nisa da tsayi a lokaci guda, sai aka ƙera kam mai siffar turmi kwance, wanda ake juya shi da lamba ɗaya, ɗan yatsan kuma yana zamewa a tsawonsa da lamba ta biyu. Kowane ɗigo a fatar wannan ƙarfe amsa ce ta wata tambaya. A ganina babu wani abu a tarihin lissafi da ya kai wannan ban sha'awa, a ce littafi guda na lambobi ya koma dunƙulen ƙarfe da za a iya shafawa da tafin hannu. Amma a nan ne rauninsa na farko ya ɓuya: idan aka sauya nau'in harsashi ko albarushi, ba umarni za a sauya ba, sabon kam za a sassaƙa, a kwance inji a ɗaura shi.

Jadawalin nan kansa aiki ne mai cin rai. A Amurka, cibiyar binciken harsasai ta soja da ke Aberdeen ta ɗauki ɗimbin ma'aikata, mafi yawansu mata masu ilimin lissafi, suna fitar da hanyar tafiyar harsashi da injinan tebur, kuma hanya guda ta daƙiƙa 60 takan ci wa mutum kusan awa 20. Cunkoson wannan aiki ne ya sa sojan ƙasa suka biya kuɗin gina kwamfutar lantarki mai suna ENIAC a Jami'ar Pennsylvania, wadda aka nuna wa duniya a watan Fabrairun 1946, bayan yaƙin da aka gina ta dominsa ya ƙare. Wato bukatar igwa ce ta reni zuriyar kwamfutar da daga baya ta ture injinan ƙarfe daga aiki.

Zuciyar injin kuwa ita ce faifan tarawa. Tambayar da yake amsawa ita ce: idan nisa yana raguwa da wani gudu, kuma gudun kansa yana sauyawa kowace daƙiƙa, nawa nisan ya ragu gaba ɗaya zuwa yanzu? A ɗauki faifai na ƙarfe mai santsi yana juyawa da gudu tsayayye kamar faifan garmaho. Juyinsa shi ne lokaci. A ɗora ƙwallon ƙarfe a kansa, a ɗora sanda mai mirginawa a kan ƙwallon. Idan ƙwallon yana tsakiyar faifai ba zai motsa ba, idan an matsar da shi wajen baki zai yi sauri, idan an ƙetare da shi ɗaya ɓangaren zai juya baya. Nisan ƙwallon daga tsakiya shi ne gudun sauyawar tazara, juyin da ya taru a sandar sama kuma shi ne jimillar sauyin. James Thomson, wan masanin nan Lord Kelvin, ya bayyana irin wannan na'ura a 1876, tun kafin a yi tunanin haɗa ta da igwa. Wahalarta ita ce santsi: idan ba a danne ƙwallon sosai ba zai zame ya ɓata lissafi, idan kuma an danne shi sosai ba zai matsu da sauƙi ba. Hannibal Ford, wanda ya bar kamfanin Sperry ya kafa nasa a New York a 1915, ya warware wannan da ƙwallo biyu, ɗaya a kan ɗaya, ta yadda suna mirgina a kan juna ko da sifirin mai ƙarfi yana danne su. Ƙaramar dabara ce, amma a kanta rundunar ruwan Amurka ta dogara shekaru da dama, tun daga injin Ford na farko da aka ɗaura a jirgin Texas a 1916.

Birtaniya ce ta fara shiga wannan fage, kuma ta shige shi da rigima. John Dumaresq, jami'in sojan ruwa, ya ƙirƙiro a 1902 wata 'yar na'ura mai fitar da gudun sauyawar nisa daga tafiyar jirage biyu. Arthur Pollen, farar hula kuma ɗan kasuwa, ya gina cikakken inji mai suna Argo wanda ke ci gaba da lissafi ko da gudun sauyawar yana canzawa, shi kuwa Frederic Dreyer, jami'i a cikin rundunar, ya haɗa nasa teburin mai arha wanda ya fi dogara ga zane a takarda da hannun mutane. Hukumar sojan ruwa ta zaɓi na Dreyer. A yaƙin ruwa na Jutland tsakanin Birtaniya da Jamus, a 31 ga Mayu 1916, abin da ya sami jirgi daga manyan harsasan ɓangarorin biyu bai wuce kimanin 3 cikin 100 ba, kuma har yau masana tarihi suna jayayya a kan ko zaɓen na Dreyer ne ya jawo wa Birtaniya haka, ko kuwa hazo da hayaƙi da ƙarancin atisaye da gajerun na'urorin auna nisa. Bayan yaƙi wani kwamitin gwamnati ya ba Pollen fam 30,000 saboda an yi amfani da dabarunsa. Ni dai na fi karkata ga masu cewa hazon da idon mai auna nisa sun fi injin laifi, saboda dalilin da zai bayyana a gaba.

Zuwa Yaƙin Duniya na Biyu tsarin ya nuna. Can saman jirgi akwai ɗakin hange mai juyawa, inda masu saiti ke bin abokin gaba da madubin hangen nesa, daga baya da rada. Can ƙasa kuma, a ƙarƙashin sulken ƙarfe, akwai ɗakin lissafi inda injin yake zaune. Samfurin Mark 1 na Ford, wanda ke saita igwogi masu inci 5, ya haura kilo 1,300, jikinsa cike da hannuwan juyawa da fuskokin agogo, mutane da dama suna kewaye da shi. Kusa da shi akwai wata na'ura mai juyi da sauri, wadda ke tsayawa a miƙe kamar katantanwar yara muddin tana juyawa, ita ce ke gaya wa inji inda sama take komai jijjigar jirgi. Gudun jirgin da alƙiblarsa suna shigowa da kansu ta wayoyi, amsa kuma tana fita ta wayoyi zuwa injinan da ke juya hasumiyar igwa. Da yake ƙananan sassa irin su faifan tarawa ba su da ƙarfin jan dogon jerin giyoyi, sai aka sa musu ƙananan motocin lantarki masu bin motsinsu suna ƙara masa ƙarfi. Babban abokin gabar maƙeran shi ne ɗan wasan da ke tsakanin haƙoran giya, domin ratar da ba ta kai kaurin gashi ba, idan ta taru a giya hamsin, tana iya zama mita ɗaruruwa a inda harsashi zai sauka.

Akwai wani ƙulli a lissafin da ya nuna fifikon irin wannan inji. Don a san inda jirgin abokin gaba zai kasance, dole a san tsawon lokacin da harsashi zai yi a sama. Don a san wannan lokacin kuma, dole a san nisan wurin da jirgin zai kasance. Kowanne yana jiran ɗan'uwansa. Mai lissafi da takarda sai ya yi hasashe, ya gwada, ya gyara, ya sake gwadawa. A cikin injin kuwa an haɗa fitar wannan da shigar wancan a zobe, sai sandunan su yi ta ja-in-ja na ɗan lokaci su tsaya a inda duka biyun suka yarda, daga nan su ci gaba da tafiya tare. Haka kuma ake gano gudun abokin gaba, wanda babu mai iya auna shi kai tsaye. Jami'i yakan fara da kintace, domin ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Injin ya ɗauki kintacen ya fitar da inda ya kamata a ga jirgin bayan 'yan daƙiƙoƙi, ya juya madubin masu saiti zuwa can. Idan jirgin ya zame daga tsakiyar madubi, kintacen bai yi daidai ba, sai a gyara. Idan ya zauna daram a tsakiya ba tare da an taɓa komai ba, lissafi ya kama, sai a buɗe wuta.

To amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Dukkan wannan gini yana tsaye ne a kan zato guda da aka sassaƙa a ƙarfen tun daga masana'anta, cewa abin da ake harbi zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudun da yake kai. Kyaftin ɗin da ya san haka sai ya riƙa karkata jirginsa zuwa inda harsasan baya suka faɗa, domin ya san mai harbi zai gyara ya bar wurin. A kan jiragen sama abin ya fi muni, domin jirgi mai gudun kilomita 500 a awa yana cin kusan kilomita 3 a daƙiƙa 20, kuma matuƙinsa yana iya sauya hanya sau da yawa a ciki. Tsarin harbin sama na jiragen ruwan Birtaniya an gina shi ne a kan zaton cewa jirgin zai zo a tsayi ɗaya, zaton da masu sulmiyowa daga sama da masu sakin nakiyar ruwa suka rusa. A 10 ga Disamba 1941 jiragen saman Japan suka nutsar da manyan jiragen yaƙin Birtaniya biyu, Prince of Wales da Repulse, a gaɓar Malaya. A tudu ma an yi ta fama da nauyi da wuyar ƙira. Na'urar Kerrison da Birtaniya ta yi wa igwar Bofors mai milimita 40 tana da sassa fiye da 1,000, nauyinta ya haura kilo 200, kuma sai da janareto take aiki. Da Amurka ta ɗauki ƙirar, kamfanin Singer, wannan dai na keken ɗinki da telolinmu suka sani, yana cikin waɗanda aka ba aikin, saboda masana'antar da ta saba yanka ƙananan ƙarafa iri ɗaya dubu-dubu ita ce za ta iya.

Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa matsalar ba a cikin giyoyin take ba, a bakin abin da ake ciyar da su take, ta fito ne a mashigin Surigao na ƙasar Filifin, a daren 25 ga Oktoba 1944. Manyan jiragen Amurka shida ne suka tare hanyar rundunar Japan, dukkansu suna da injinan lissafi na ƙarfe. Uku daga cikinsu, West Virginia da Tennessee da California, suna da sabuwar radar saiti, kuma su ne suka yi mafi yawan harbin. West Virginia ta sami jirgin Yamashiro na Japan da harbinta na farko daga nisan da ya haura kilomita 20, cikin duhu. Pennsylvania mai tsohuwar rada ba ta yi harbi ko ɗaya ba, Mississippi kuwa sau ɗaya ta saki wuta. Inji mai kyau da ido marar gani bai tsinana komai ba.

A shekarar nan ta 1944 ne kuma magajin injinan ƙarfe ya nuna kansa. Na'urar M-9 ta cibiyar binciken kamfanin Bell ta maye gurbin juyin sanda da ƙarfin lantarki, ta maye gurbin kam da waya da aka naɗa a kan kati mai siffa ta musamman, wanda a haƙiƙa kam ne a wata riga. Har yanzu aunawa take yi, ba ƙirgawa ba, kuma ba don ta fi daidai aka so ta ba, sai don ana iya haɗa ta da yawa ba tare da ƙwararrun maƙera ba, waɗanda yaƙi ya sa suka yi ƙaranci. Da aka haɗa ta da radar SCR-584 da harsashi mai fashewa da kansa idan ya kusanci abin hari, igwogin gaɓar kudancin Ingila suka riƙa kakkaɓo mafi yawan bama-baman Jamus masu tashi da kansu, wato V-1, da suka shigo musu a ƙarshen Agusta. Ya kamata a lura cewa V-1 ba shi da matuƙi, a miƙe yake tafiya a tsayi ɗaya da gudu ɗaya, wato shi ne abin harin da ya cika zaton injin daidai wa daida.

Inda zaton yake aiki, kamar harbin tudu ko babban jirgi mai nauyin juyawa, injinan ƙarfe sun daɗe ba a sami dalilin cire su ba. Da Amurka ta dawo da jiragen Iowa guda huɗu bakin aiki a shekarun 1980, ta ɗora musu makamai masu linzami da sabbin na'urorin sadarwa, ta ƙara wata rada mai auna ainihin gudun da harsashi ke fita da shi daga bakin igwa, ta kuma ba su jirage marasa matuƙi samfurin Pioneer don su hango inda harsashi ya sauka. Ido aka sabunta da abin da ake faɗa wa inji, amma injin Mark 8 da ke ɗakin lissafi aka bar shi yadda aka ɗaura shi a shekarun 1940. A farkon 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, biyu daga cikin jiragen nan, Missouri da Wisconsin, sun yi luguden wuta a kan sansanonin sojan Iraƙi a Kuwait, kuma kam da difarenshal da faifai mai ƙwallo biyu ne suka fitar da kusurwar kowane harbi. An sallami Wisconsin daga aiki a ƙarshen watan Satumba na shekarar, Missouri kuma a 1992, yanzu tana ɗaure a tashar Pearl Harbor a matsayin gidan tarihi.